Ƙofar Kawu a Tarin Itacen Mista Dasmon

Da hantsi na iso, rana ta ɗaga amma ba ta fara cizo ba tukuna. Iska na tasowa daga wajen teku, mai ɗan sanyi, irin wadda ba ma ganinta a Jidda sai Nuwamba ta kama. Wanda ya sha zafin watannin baya, in wannan iskar ta taɓa masa wuya sai ya ji kamar an sauke masa kaya. Mai tankar da ke kawo mana ruwa ne ya rage mini hanya. Na sauka a bakin turba, na ƙarasa da ƙafa, ba gaggawa.

Inda nake aiki istiraha ce, wato gidan hutu na bayan gari. Sai ka wuce Abhur da ke arewacin Jidda, ka bar kwalta, ka bi tsakanin gonaki kafin ka hango katangarmu. Ɗakunan baƙi kaɗan ne, sai wurin iyo, sai kaji, sai 'yan itatuwan da muke ta lallaɓawa da ruwan tanka. Filin na wani Balarabe ne, Hatim, amma masu riƙe da wurin Turawan Ingila ne, Mista Dasmon da matarsa Madam Morin. Shi ya daɗe yana aiki a tashar jiragen ruwa. Da ya ajiye aiki sai suka ce ba za su koma ba, gwiwoyinsu ba sa shiri da sanyi. Ni kuwa ni ne direba, ni ne mai ban ruwa, in famfo ya lalace ni ne, in baƙo ya kulle kansa a ɗaki ni ne.

Madam ta taɓa gaya mini cewa a garinsu wannan lokacin na rufewa ne. Ganye ya zube, rana ta riƙa faɗuwa tun la'asar, masu gidajen baƙi su cire labule su kulle ɗakuna. A nan kuwa yanzu ne ma ake buɗewa, yanzu ne iyalai ke fitowa daga gari da tukwanensu da yaransu. Amma jikin mutanen nan biyu bai yarda ba har yau. Iskar nan na fara kaɗawa za ka ga Madam ta ɗauko rigar sanyi, Mista kuma ya ɗauki almakashi yana ta datse furannin da farfaɗowarsu ke nan daga zafi, wai yana shirya su barci. Ba ma hana shi. Su furannin ma sun saba, sai su sake tsirowa abinsu.

Ina shiga ta baya na hango tarin itace a tsakiyar filin da ake ajiye motoci. Ya fi ni tsawo. Na san zancen, don duk shekara ana yi. Farkon Nuwamba mutanensu kan hura babbar wuta, su ɗora mutum-mutumi a kai, wai tunawa da wani da ya so tarwatsa majalisar ƙasarsu tun zamanin da can. Bara 'yan katakai aka tara. Na bana kuwa an gina shi kamar bukka, kowane itace an san inda aka sa shi. Na matsa kusa don in yaba. Sai na ga kore ta tsakanin katakan.

Ƙofarmu ce. Tana tsaye a tsakiya, ita ce ginshiƙin da komai ya jingina da shi. A samanta an zaunar da mutum-mutumin cikin tsohuwar rigar Mista, an cusa masa jaridu a ciki.

A Karantina aka haife ni, wata tsohuwar unguwa a cikin Jidda. Can aka haifi mahaifiyata da yayanta, Kawu Sadiƙ, wanda ya riƙe ni bayan rasuwarta. Kakana ya zo aikin hajji daga Haɗeja bai koma ba. Kafinta ne, shi ya haɗa ƙofar nan da katakon akwatunan da ake zubarwa a bakin tasha. Duk sallah sai an shafa mata koren fenti, har fentin ya yi kauri, in ka danna da farce sai ya lotsa. Lokacin da aka zo rushe unguwa, kowa na ta fama da firji da katifa, Kawu ya ɗauki sukuddireba ya zauna yana kwance ƙofa. Maƙwabta na cewa, Malam Sadiƙ, gidan ma ture shi za a yi, ina kai ina ƙofa? Ya ci gaba da kwance abarsa. Yanzu yana unguwar Safa, a bene, a ɗaki ɗaya cikin gidan 'yarsa Sajida da mijinta, inda tabarma ma da ƙyar take shimfiɗuwa balle ƙofa. Shi ne na ɗauko ta nan. Na tambayi Madam, ta ce in jingine ta bayan ɗakin janareta, ba komai. Ranar Kawu ya ce mini, "Amana ce, Rabe, har Allah Ya ba mu bango."

To Madam ba ta nan. Ƙanwarta ce ta rasu a Ingila, ta tafi jana'iza, sai yau da magariba wasu abokansu za su taho da ita daga filin jirgi. Ni ma na yi 'yan kwanaki a Safa, ƙafar Kawu ta matsa masa ina kai shi asibiti. A tsakanin nan ne Mista ya zaga bayan ɗakin janareta neman itace.

"Robi!" Haka yake kirana. Ya taho da malafarsa, fuska ta yi jawur, yatsunsa biyu da filasta. Larabcinsa na bakin tasha ne, rabi magana rabi nuni da hannu, kunnensa na hagu kuma ba ya ji. "Ka gani? Ni kaɗai na yi!"

"Masha Allah, Mista. An sha aiki."

"Don Madam ne. Ba ta sani ba. Mota na shigowa sai in kunna. Fuu!" Ya ɗaga hannuwa sama. Sai kuma ya rage murya. "Ita da ƙanwarta, tun suna yara babansu ke hura musu. Ta ce mini a waya bana ba ta ko son jin zancen. Amma na san ta."

Yadda aka rene ni, ba ka tarar da babba cikin murna ka ce masa ka yi ɓarna. Sai dai ka zagaya, ka ajiye maganar kusa da shi, ya ɗauka da kansa.

"Wancan koren katakon, Mista, yana da kyau."

"Ƙwarai! Ya bushe ƙayau. Shi zai riƙe wutar."

"Tsoho ne. Ba a yin irinsa yanzu."

"Tsohon itace ya fi kamawa."

"Wataƙila akwai mai sonsa."

"Akwai mana. Gara!" Ya yi dariya, ya bubbuga kafaɗata, ya wuce wajen kaji yana fito.

Na nufi kicin. Khala Zakiya, mai dafa mana abinci, tana zaune tana naɗe dankalin Turawa a takardar gashi, irin yadda Madam ke so a binne shi a garwashi. 'Yar Jidda ce gaba da baya, ta kuma san gidanmu tun ina rarrafe.

"Kai kuma wa ya mutu?" ta ce, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Na gaya mata.

"La haula! Ƙofar Malam Sadiƙ? To ka faɗa masa?"

"Na faɗa."

"Me ka ce?"

"Na ce katakon yana da kyau."

Ta ajiye dankalin ta dube ni. "Ya salam. Katako yana da kyau. Shi kuma ya ce ya gode, ko? Ɗan nan, mutumin da kunnensa ɗaya, Larabcinsa rabi, shi za ka yi wa zagaye-zagaye? Ai ɗauka zai yi hira kuke."

"Khala, don matarsa ya yi. Ba ki ga hannunsa ba, duk yanka."

"To zauna. In ta cinye sai ka kwashi tokar a leda ka kai wa kawunka, ka ce ga amanarka nan, tana da kyau."

"Ko ke za ki ɗan yi masa maganar?"

"Ni? Ƙofar gidan ubana ce? Yalla, fita, kana tare mini iska."

Na fita na tsaya a inuwar tankin ruwa, na kira Kawu. Muka gaisa, na tambayi ƙafa, ya tambayi hanya, ya tambayi Zakiya, ya tambayi kaji. Sannan na faɗa masa. Ina jin talabijin ɗin jikokinsa ta bayansa.

"Ya san tamu ce?"

"Bai sani ba, Kawu."

"To ba laifinsa. Rabe, wurin cin abincinka ne. Takardunka na zama ma ta hannun mutanen nan suke bi. Kada ka ɓata da su a kan katako. Bar shi ya ƙona. Ni da nake hawa bene da ƙyar, wane gida kuma zan gina?"

"Kawu..."

"Na ce halas, magana ta ƙare." Na ɗauka ya gama. Sai na ji ya ce, "Sakatar tana jiki?"

"Tana jiki."

"Uhm. Ba ta shiga fa sai ka ɗan ɗaga ƙofar da ƙafa. Uwarka har ta yi aure ba ta iya ba." Ya yi 'yar dariya, ya kashe wayar. Kawu kuwa ba ya kashe waya sai ya yi wa mutum addu'a har ya gaji da cewa amin.

Na ja tiyo na fara ba itatuwa ruwa, don in hannuna na aiki kaina ya fi zama wuri ɗaya. Yanzu dai na sami izini. In ƙofar ta ci wuta ba wanda zai ce na ci amana, mai ita ya ce a bari. Mista zai yi murnarsa, Madam ta ga abin da aka yi dominta, ni kuma in ci gaba da aikina lafiya. Ina ta jera wa kaina wannan, yana zama daidai, sai in tuna tambayar sakatar, komai ya sake wargajewa. Na san Kawu. Tun da muka bar Karantina bai taɓa cewa yana kewa ba. In an yi zancen unguwar sai ya ce ai benen ma akwai iska. Abin da bakinsa ya ce daban, ni kuma a gabansa na girma, na san inda ake jin sauran.

Na kuma yi tunanin Mista. Shi ma ai abin da yake yi ke nan. Ya ɗauko wani abu daga garinsu, abin da ba shi da wurin zama a ƙasar nan, wuta a garin da ba a jin sanyi, yana riƙe da shi shekara da shekaru. Wannan tunanin bai sauƙaƙa mini ba, ƙara mini nauyi ya yi.

Bayan na yi azahar na fito, sai na hango shi da galan ɗin kananzir yana zagaya tarin, yana yayyafawa. Ban san lokacin da ƙafata ta kai ni ba. Na zagaya ta ɓangaren kunnensa mai ji.

"Mista, ƙofar nan tawa ce."

Ya juyo.

"Ta gidanmu ce, na Karantina. Kakana ne ya yi ta. Madam ta ce in ajiye a can. Kada ka ƙona."

Ban taɓa yi wa babba magana a miƙe haka ba. Ji na yi kamar na jefe shi da dutse. Ya dubi ƙofar, ya dube ni, jan fuskarsa ya gangara har wuya.

"Tun safe kana nan. Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Na faɗa, Mista."

"Cewa ka yi tana da kyau!"

Na sunkuyar da kai. Ya yi wata magana da Turanci, da kansa yake. Ya daɗe yana kallon tarin.

"In aka zare ta, duk zai zube."

"Na sani."

"Baƙi za su fara zuwa bayan la'asar."

"Na sani, Mista."

Ya ɗaga kai ya dubi rana. A raina na ce shi ke nan, zai ce lokaci ya ƙure. Da ya faɗi haka ban san abin da zan yi ba, don maganar da nake da ita ta ƙare. Sai ya ajiye galan ɗin a ƙasa, ya rufe bakinsa da kyau.

"Kawo tsani," ya ce.

Muka fara da mutum-mutumin, muka sauko da shi muka zaunar a kujerar roba, kansa a karkace kamar yana kallonmu. Sannan itace ɗaya bayan ɗaya. Ashe ƙusa ya sa ya kafe wasu katakan a jikin ƙofar don kada iska ta ture. Na ɗauki guduma zan cire, ya karɓe. Ya samo guntun katako yana tokarawa a ƙarƙashin gudumar don kada ta kankare fentin, yana zaro ƙusoshin a hankali, gumi na ɗiga daga hancinsa. Kowace ta fita sai ta bar rami. Daga ƙasa kuma falanki ɗaya ya tsage, inda ya ja ta a kan tsakuwa. Ya shafa wurin da yatsa. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban ba shi ba. Ina jin kowa a cikinmu yana ganin shi ya kamata ya fara, kuma kunya ta hana.

Can sai ya ce, "Karantina, ta wajen ina?"

Na kwatanta masa.

"Shekara da shekaru ina wucewa ta bakin nan zuwa aiki," ya ce. "Ban taɓa shiga ba."

"Ba hanyar mota ba ce, Mista."

"Kakan naka ya iya aiki. Dubi nan, ba ƙusa ko ɗaya, gurbi ya yi wa katakan suka shiga juna."

Da muka zare ta, sauran itacen ya zube kamar yadda ya faɗa. Muka ɗauke ta mu biyu, ni gaba shi baya, yana nishi, muka shigar da ita ɗakin ajiya. Tana warin kananzir. Da muka ajiye ya kasa miƙewa sosai, ya dafa ƙugu ya jingina da bango. Na koma na tattara abin da ya rage. Duk dabarata bai wuce ƙuguna ba, ba kuma shi da abin jingina, sai na tara shi kawai kamar na mai ƙosai. Mista ya zo ya duba. "Tayyib," ya ce, wato ba laifi, ya tafi wanka.

Na sake kiran Kawu.

"Ba na ce ka bari ba?"

"Ka ce, Kawu."

"Kai dai ba ka jin magana, tun kana ƙarami." Na ji yana gyara zama. "Ina take yanzu?"

"Ɗakin ajiya."

"A ƙasa?"

"A ƙasa."

"To sa mata bulo a ƙarƙashi. Lokacin ruwa ne." Daga nan ya kama addu'a, ya yi wa Mista, ya yi wa Madam da mamaciyarta, ya yi wa Zakiya, ina ta amin har aka fara buga ƙaho a bakin get.

Baƙin ranar duk mutanensu ne, daga gidajen kamfanoni na cikin gari, da yara masu jan kai suna ta guje-guje. Na jera motoci a gefe, na fito da kujeru, Khala Zakiya ta kawo shayi tana harara ta da murmushi. Mista ya fito cikin riga mai dogon hannu, yana tafiya a hankali saboda bayansa. Wani mai ƙaton ciki ya dubi tarin ya yi masa wata zolaya, aka yi dariya. Shi ma ya yi, amma ta baki ce.

Ina idar da magariba fitilun motar suka hasko katanga. Mista ya durƙusa da ƙyar ya kunna ashana. Kananzir ya kama, wutar ta tashi, mutum-mutumin ya faɗi gefe tun ba a je ko'ina ba. Madam ta fito daga mota, ta rame, jakarta a hannu. Ta tsaya cak. Ta sa hannu ta rufe baki, ban gane ba ko dariya ce ko kuka, wataƙila duka biyun. Ta taho ta riƙe hannun mijinta, suka tsaya suna kallo.

Sai dai ƙananan katakai ba sa jimawa. Kafin yara su gama zagayawa wutar ta fara kwanciya. Na ga Mista yana satar kallon wutar, yana satar kallon fuskar matarsa. Ya tura wani kwali da ƙafa, ya ci nan take ya mutu.

Na sulale ta ƙofar baya. Maƙwabcinmu Badr ya yi wa dabinansa aski cikin makon, ya tara busassun rassan a bayan katanga yana jiran motar shara. Na rungumo iya abin da zan iya, ƙayoyin na shiga mini hannu, na jawo su a ƙasa har cikin fili. Na zagaya ta ɓangaren da hayaƙi ke bi, inda ba kowa, na jefa su ciki.

Busasshen reshen dabino ba ya jira. Wutar ta yi tsalle ta wuce tsawon katanga, tana ƙara, tartsatsi na tashi sama. Yara suka sa ihu, manya suka tafa. Madam ta juya ta dubi mijinta, hasken na rawa a gilashin idonta, ta ce masa wani abu a kunnen da ke ji. Shi kuma ya ɗaga hannu ga masu tafin, yana ɗan kallon wutar da mamaki.

Ba wanda ya duba wajen hayaƙin. Na cire ƙayar da ta maƙale mini a tafin hannu, na koma bayan katanga ɗebo wasu.